Tabarmar Ruwa

Gugan ya yi ta sauka, igiya na bin tafin hannun tsohon ƙulli bayan ƙulli, har ta ƙare. Bai ji faɗuwar guga a ruwa ba. Sai da ya durƙusa, ya kwantar da ƙirjinsa a bakin rijiyar, ya zura hannu har kafaɗa, sannan aka ji wata 'yar ƙara daga can ƙasa, kamar an jefa tsakuwa a kwano.

"Ruwan ya sake gudu ke nan," in ji ƙanensa daga kan benci, rediyo manne a kunnensa.

"Babu inda ya gudu. Igiyarka ce ta yi gajarta."

"Yau kuma ta zama igiyata?"

Tsohon ya jawo gugan, ya leƙa: rabi, kuma ja-ja-ja da laka. Ya juye a bokiti a hankali, yana tare bakin gugan da hannu don kada ko ɗigo ya zuba ƙasa.

Unguwar nan kaf, babu wanda ke kiransa da wani suna sai Mai Rijiya. Shekara hamsin da 'yan kai ya yi yana shiga cikin ƙasa da dagi da gajeren shebur. Ƙanen kuwa Mai Igiya ake ce masa, domin shi ke tsayawa a sama riƙe da ran yayansa a hannu. Tun suna samari haka suke aiki, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kuma da igiya suke magana, don murya takan ruɗe a cikin rami mai zurfi. Ja ɗaya, ɗauke guga. Ja biyu, sauko da kayan aiki. Ja uku, fitar da ni, akwai matsala. Babban abin alfaharin Mai Rijiya a duniya shi ne bai taɓa ja uku ba, kuma duk wanda ya zauna da shi na minti goma sai ya ji wannan labari, ko yana so ko ba ya so.

Rijiyar gidan ba shi ya haƙa ta ba, mahaifinsu ne. Shi ne kuma ya kafa wa gidan wata doka da babu ita a gidan kowa: duk jaririn da aka haifa a nan, wankansa na farko da ruwan wannan rijiya za a yi, mai gida ne zai ɗebo da hannunsa, sannan ya ɗaura ƙulli guda a jikin igiyar guga. Igiya ta tsufa an sake ta ya fi sau ashirin, amma duk sabuwar da aka saya sai Mai Igiya ya zauna ya mayar mata da ƙullanta cif. Yanzu arba'in da uku ne. A cikinsu akwai waɗanda suka yi aure suka tafi, akwai waɗanda ƙasa ta rufe, amma mutum talatin da shida na kwana a gidan, suna tashi da ƙishirwa da kayan wanki.

"Kowane ƙulli yana cin yatsa guda na tsawon igiya, Yaya," Mai Igiya yakan ce. "Ni na ɗaura su, na sani."

"Ƙullin ne kuma ke hana ta zame maka a hannu. Gwada jan guga da igiya sumul ka gani."

Duk su biyun gaskiya suke faɗa, shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa shekara da shekaru.

Lokacin da mahaifinsu ya haƙa rijiyar, gidansu ne na ƙarshe a wannan gefen gari. Mutum zai tsaya a ƙofa ya ga gonaki har inda ido ya gaji. A gaba bakwai aka tarar da ruwa, fari tas, mai sanyi, har matafiya kan ratso su sha su cika gora. Daga nan mutane suka fara zuwa. Wannan ya sayi fili, wancan ya sayi rabin fili, wani ya haifi 'ya'ya tara ya raba musu tsakar gida da bulo. Kowa ya kafa harsashi sai ya zo ya durƙusa a gaban Mai Rijiya: "Baba, a taimaka mana da ruwa." Shi kuwa bai taɓa cewa a'a ba. Ina dalili? Sana'arsa ce, kuma ba wa mutum ruwa aikin lada ne. Ya haƙa sama da ɗari uku tsakanin kwalta da tsohuwar fadama, wadda ita ma yanzu gidaje ne a kanta har da bene. Aka shafe tsakar gidaje da siminti, ruwan sama ya rasa inda zai nutse, sai dai ya bi kwata ya wuce. Daga baya masu inji suka shigo da dogayen motocinsu, suna huda ƙasa a yini ɗaya suna sa bututu.

Shi dai abin da ya sani, duk shekara biyu ko uku sai ya shiga rijiyar gidansa ya yashe ta, ya ƙara mata zurfi. Bakwai ta zama tara, tara ta zama sha biyu. Bara da ya shiga, a gaba sha huɗu, daginsa ya taɓa baƙin yumɓu, ya tsaya cak, ya fito bai gaya wa kowa ba sai ƙanensa.

Yanzu abin da rijiyar ke tarawa daga dare zuwa safe guga bakwai ne. Bakwai, ga mutum talatin da shida! Inna, matarsa, ta sa an yi wa murfin rijiyar kwaɗo, makullin na ɗaure a bakin zanenta. Kowace safiya bayan ya ɗebo, ita ke tsayawa ta raba: na sha, na girki, abin da ya rage na jarirai da marasa lafiya. Wanki da wanka kuwa kowane ɗaki ya san yadda zai yi, su bi layin burtsatsen mai kantin siminti da jarkokinsu. Mai Rijiya ya san suna zuwa, yana ganinsu suna shigowa ta ƙofar baya kamar ɓarayi, amma yakan kau da kai. Shi dai bai taɓa kai ruwan wani bakinsa ba, kuma ya rantse ba zai fara da furfura ba.

Ran nan da safe rabon bai ƙare lafiya ba. Matar ɗansa na biyu ta ce an ba ɗakin matar na huɗu moɗa biyu fiye da nata, alhali ita ke da yara shida. Waccan ta ce wa ya aike ta ta haifi shidan? Kafin a ce haka, an yi cirko-cirko, bokiti ya kife, ruwan guga guda cur ya bi ƙasa. Kowa ya tsaya yana kallon yadda ƙasa ke shanye shi, har wata 'yar shekara uku ta tsuguna tana dangwala yatsa tana lasa.

Wannan yarinya ce ta tsaya wa Mai Rijiya a rai. Ya koma benci kusa da ƙanensa, ya zauna.

"Ka ji abin da suke faɗa a nan?" Mai Igiya ya miƙo rediyon. "Wai mutanen duniya sun haura biliyan takwas. Suna ta gardama ko ƙasa za ta iya ɗaukarmu."

"Wa ya ƙirga su? Ni ba a zo gidana ba."

"Da sun zo ai da sun ce tara."

"Kai dai ka cika surutu. Wanda ya halicci mutum bai manta da ruwan da zai sha ba. Ruwa na nan a ƙasa jingim, mu ne ba mu kai gare shi ba."

Mai Igiya ya kashe rediyon. Ya juyo ya dubi yayansa sosai, irin kallon da yakan yi wa igiya kafin ya yarda a ɗaura ta a ƙugun mutum.

"Yaya, kada ma ka fara wannan tunanin."

"Wane tunani?"

"Ka san wanda nake nufi. Tabarma ce. Da idonka ka gan ta bara."

Ya sani mana. Yana da shekara sha biyar mahaifinsu ya sauke shi cikin wata rijiya da suke haƙa wa wani mai tumaki, ya kama hannunsa ya ɗora a kan wani baƙin yumɓu mai santsi, mai sanyi kamar hantar sa. Ya ce masa ruwan da suke sha duk a kan wannan yake kwance, shi ya sa suke kiransa tabarmar ruwa. In ka iso nan ka ajiye dagi, ko mai rijiyar zai yi maka kuka. Ƙarƙashinta busasshen yashi ne mai ƙishirwa, in ka huda ta ruwan zai bi ta ƙafarka ya tafi, kuma babu mai ɗinke ta. Mai Rijiya ya riƙe wannan magana kusan shekara sittin. Ya sha faɗa da masu gidaje a kanta, har akwai wanda ya kira shi malalaci, ya tattara kayansa ya bar masa ramin.

"Masu inji kullum huda ta suke yi," ya ce. "Ga shi suna samun ruwa har yana tsiri."

"Masu inji gaba sittin suke tafiya, kuma da bututu suke rufe inda suka huda. Kai da dagi za ka yi gaba sittin? Da shekara saba'in da huɗu, da wannan gwiwar da sai na ɗaga ka daga tabarmar salla?"

"Wa ya ce maka sittin ne a nan? Kowace ƙasa da halinta. Wataƙila gaba biyu ne."

"Wataƙila! A kan wataƙila za ka sayar da guga bakwai?"

"Guga bakwai ruwa ne?" Muryarsa ta ɗaga har kaji suka watse. "Ka ga abin da aka yi yanzu a gidan nan? Surukaina na dambe a kan moɗa. Jikata na lasar ƙasa. Ni, ni da na shayar da unguwar nan kaf! Badi za su zama biyar, wata shekara su koma uku, mu kuwa ƙaruwa muke yi. In zauna ina kallo?"

Mai Igiya shi ma ya sha yin wannan lissafin a zuci. Sai ya ce a hankali, "Bakwai dai ta fi babu."

A daidai nan matar babban jikansa ta fito daga ɗaki, hannu ɗaya dafe da ƙugu, cikinta ya yi gaba ita tana biye. Watanta ya tsaya, yau ko gobe ake jira. Abin da za ta haifa shi ne tattaɓa-kunnen Mai Rijiya na farko, abin da mahaifinsa ma bai rayu ya gani ba. Tun da aka kawo ta gidan yake tsokanarta da amaryarsa, ita kuma ba ta raga masa.

"Angona, yau fuskar ba annuri," ta ce. "Ko an hana ka kuɗin cefane ne?"

"Ke dai ki sauke mini wannan kaya lafiya. Ruwan wankansa na wuyana. Ba jan ruwan nan ba, fari tas, irin wanda aka yi wa kakansa wanka da shi."

"Ni ko rabin guga ne ya ishe ni, Kaka. Jariri nawa yake?"

Ta faɗi haka tana dariya, ta wuce. Da ya saurari wannan magana da kyau, da labarin ya tsaya a nan. Amma tsohon kunnensa ya riga ya toshe, ba ya jin komai sai ƙarar ruwan da yake zato yana gudu a ƙarƙashin yumɓu.

Washegari, bayan an ɗebe guga bakwai an raba, ya fito da dagi da shebur da doguwar igiyar aiki. Inna ta gan shi, ta tsaya da makulli a hannu.

"Maigida, yasa za a yi?"

"Yasa ce."

Ƙarya ya yi mata, karo na farko a kan rijiya. Mai Igiya na kan benci ya harɗe hannuwa, ya ce shi ba da shi ba, ko sama da ƙasa za su haɗe. Mai Rijiya bai roƙe shi ba. Ya ɗaura igiyar a gindin bishiyar da ke tsakar gida, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa, ya zura ƙafa yana laluben ramukan taka ƙafa da ke jikin bango. Kansa bai gama ɓacewa ba ya ji igiyar ta yi tauri, irin taurin da ya sani. Ya ɗaga ido, ga ƙanensa tsaye a sama, ya naɗe ta a damtse, idanunsa sun yi ja.

"Taurin kanka ne zai kashe mu duka," in ji Mai Igiya. "Sauka a hankali, akwai gansakuka a gaba na shida."

Kwana biyu ya yi yana saran yumɓun. Wayyo, yumɓu! Yana kama dagi kamar mai riƙon bashin gaba, kowane sara sai ya sa ƙafa ya banƙare kafin ya zare. Ruwan da ke tsattsafowa daga bango yana taruwa a idon sawunsa, yana kwashewa a guga tare da laka, ya ja igiya sau ɗaya, a ɗauke. Numfashinsa na fita da ƙyar, gwiwar na yi masa zugi, amma wani irin daɗi na ratsa shi wanda ya daɗe bai ji ba. A nan ƙasa babu rediyo, babu faɗan mata. In ya ɗaga kai, duniyar duka ba ta fi faifai ba, da kan ƙanensa a gefe. Yana sara yana ganin ranar da zai cire kwaɗon nan ya jefar, ya buɗe ƙofar gida ya ce duk mai so ya shigo ya ɗiba kamar da.

A rana ta biyu da hantsi, ya ji hayaniya sama-sama, takun gudu, muryar Inna na cewa a kira ungozoma. Mai Igiya ya leƙo ya yi ihu, kalmomin suka iso a tarwatse, amma ya tsinci "naƙuda". Sai ya ƙara ƙaimi. Ya ɗaga dagin da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya kafta.

Dagin ya shige har rabi, ba tare da wata turjiya ba.

Ya ce wa kansa ruwa ne, idon ruwa ne ya buɗe. Ya zare dagin, ya tsuguna, ya zura hannu cikin hudar yana jiran sanyi ya bugo shi daga ƙasa. Abin da yatsunsa suka taɓo yashi ne. Ya damƙo ya ɗaga wajen haske: fari, garas-garas, busasshe kamar wanda aka soya.

Sannan ya ji ƙarar. Wata 'yar zuƙa ce, ƙasa-ƙasa, irin ta yaro mai shan kunu a bakin kwano. Ruwan da ke idon sawunsa ya fara juyawa, yana bin hudar. Ya ga ya sauka daga idon sawu zuwa dunduniya, daga dunduniya zuwa tsakanin yatsu.

"A'a," ya ce. "A'a, tsaya. Don Allah tsaya."

Ya cusa yumɓun da ya sare, ya danna da dunduniya. Ruwan ya zagaya ta gefe. Ya tuɓe rigarsa ya tura, ya ƙara yumɓu, ya hau kai ya zauna da dukan nauyinsa kamar kaza a kan ƙwai. Gefen hudar da ya jiƙe ya ɓare, ya rufta, ta ƙara faɗi. Yana zaune yana kallon ɗigon da ke fitowa daga bango, waɗanda da su ne za su taru su zama guga bakwai na gobe, suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya, suna wucewa ta ƙarƙashinsa ba ko sallama. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, wanda bai taɓa ji ba ko ranar da bango ya rufto masa yana saurayi. Ya kira sunan mahaifinsa. Ya yi kuka, tsoho da shi, a inda babu mai ganinsa.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. Abin da ya dawo da shi wani siririn kuka ne daga sama, sabo fil, da guɗar mata a bayansa. Ya miƙa hannu ya kama igiya. Ya ja ɗaya. Ya ja biyu. Ya daɗe riƙe da ita kafin ya ja na uku.

Da ƙyar Mai Igiya da wasu jikoki biyu suka fito da shi. Ƙanen ya dubi jikinsa babu riga, ya dubi farin yashin da ya manne masa a hannu, sai ya juya baya yana naɗe igiya.

Inna ta fito daga ɗakin haihuwa da fara'a har kunne, hannayenta a ɗage.

"Maigida, an sauka lafiya! Mace ce, ka yi sabuwar amarya. Maza a ɗebo ruwa, na safe ya ƙare a wajen ungozoma."

Ta dubi mijinta, ta dubi ƙanensa, fara'ar na janyewa kaɗan-kaɗan.

"Ya huda tabarma," in ji Mai Igiya, bai juyo ba.

Shekara hamsin tana auren mahaƙin rijiya, ba ta buƙatar a yi mata bayani. Mai Rijiya ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa, yana ma fatan ta yi, ta zage shi a gaban surukai da jikoki ko ya ji sauƙi. Sai kawai ta kwance makullin daga bakin zanenta, ta ajiye shi a kan murfin rijiyar. Sannan ta ɗauko jarka ta miƙa wa ɗaya daga cikin jikokin.

"Ba ni nan," in ji tsohon. "Mai gida ne ke ɗebowa."

Ya zura wata riga, ya fita ta ƙofar gaba.

Layin burtsatsen mai kantin siminti ya fito daga lungu, ya bi jikin katangar makaranta, ya karya kwana. Rana na tsakiyar ka. Jarkoki rawaya jere kamar haƙora, masu su na raɓe a 'yar inuwar katanga. Ya san su kusan duka. Wannan shi ya haƙa wa ubansa rijiya, waccan a gidan mijinta ya yi wata uku yana fama da dutse, ga tela, ga mai gyaran babur, kowannensu akwai ramin da ya haƙa a tsakar gidansa, an rufe da kwano an ɗora tukwane a kai. Suka bi shi da kallo.

"Baba, kai ma?" in ji telan.

"Ni ma."

Suka dare suna cewa ya wuce gaba, ya ƙi. Sai da wata mata ta ji cewa haihuwa aka yi a gidansa, ta fizge jarkar daga hannunsa ta kai bakin famfo da kanta, tana yi wa duk wanda ya buɗe baki tsawa. Ya bi ta a baya, kunya kamar ta kashe shi.

Mai kantin na zaune kan farar kujera kusa da famfon. Ya miƙe ya gaishe shi da girmamawa, ya ce yau ruwan Baba kyauta ne. Aka kafa jarkar. Ruwa ya zubo fari tas, irin wanda ya yi wa amaryarsa alkawari. Ya kai kwata, ya kusa rabi. Sai famfon ya yi tari. Ya tofar da iska, ya kawo ruwa kaɗan, ya sake tari, bututun na karkarwa. Mutanen layi suka yi tsaki gaba ɗaya, da alama sun saba.

"Tun watan jiya yake haka," in ji mai kantin. "In rana ta take sai ya riƙa shaƙewa. Burtsatse huɗu aka haƙa a layin nan bana, ka gani. Amma na kira masu inji, mako mai zuwa za su zo su ƙara masa zurfi."

Mai Rijiya ya dube shi.

"In sun ƙara, shi ma ya shaƙe fa?"

"Sai a sake ƙarawa, Baba. Ai ruwa na nan a ƙasa jingim, kai ka fi kowa sani."

Tsohon ya waiwaya. A ɗan tsayuwar da ya yi, layin ya ƙaru, ƙarshensa ya ɓace a bayan kwana, ga wasu mata biyu masu goyo na tahowa da bokitai. Ya rufe jarkarsa da rabin ruwanta, ya ce ya isa haka, a bar wa na baya.

A gida, Inna ta karɓa ba ta tambayi daga inda ya fito ba. Ta ɗumama, ta yi wa jaririyar wanka a ƙaramin baho, tana tare kowane ɗigo. Ruwan bai ma ƙare ba, mai jegon ta yi gaskiya, rabin guga ya isa. Aka naɗo ta a tawul aka kawo masa a kan benci, aka ɗora masa a cinya.

Ba ta fi rabin tsawon daginsa ba. Gashinta a jiƙe, bakinta na motsi tana neman abin tsotsa. Ya sa mata yatsa a tafin hannu, yatsan da har yanzu akwai baƙin yumɓu a ƙarƙashin farcensa, ta damƙe shi ƙam. Son ta ya cika masa ƙirji har ya ji zafi. Da za a ce ya mayar da ita a ba shi rijiyarsa cike har baki, wallahi ba zai bayar ba. Kuma yana kallonta yana jin tsoro, domin wannan bakin zai nemi ruwa gobe, da jibi, da shekara saba'in masu zuwa, shi kuwa bai san inda za a samo shi ba.

"Angona," muryar mai jegon ta fito daga ɗaki a gajiye, "an ɗaura wa kishiyar tawa ƙullinta kuwa?"

Ba a gaya mata abin da ya sami rijiyar ba tukuna. Mai Igiya ya tashi ya ɗauko igiyar guga daga bakin rijiya, ya tsaya da ita a gaban yayansa.

"Za a ɗaura?" ya tambaya ƙasa-ƙasa. "Ba da ruwanta aka yi ba."

Mai Rijiya ya miƙa wa Inna jaririyar. Ya karɓi igiyar, ya bi ƙullan da yatsa tun daga na farko, nasa, har zuwa na arba'in da uku. Ya lanƙwasa ta a ƙasan wannan, ya zura, ya ja da dukan ƙarfin da ya rage masa.

"An ɗaura, amarya," ya ce da ƙarfi don ta ji.

Igiyar ta ƙara gajarta da yatsa guda.